Baƙar Gwaiduwa

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi, mutanen ƙauyenmu na kusa da Dogarawa suka koma cin dusa da bakinsu, kaji kuwa aka bar su da tonon juji. Ina da kaji shida da zakara ɗaya. Ban yanka ba, ban sayar ba, saboda ɗiyata ta tashi daga ƙyanda ta rame kamar sillen kara, malamin asibiti kuma ya ce a riƙa ba ta ƙwai. Mahaifiyata ba ta so haka ba. A wurinta yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Amma ta dubi wuyan jikarta, ta ƙyale a ba ta.

Abin da za su ci shi ya dame ni. Na fara da irin rama da na yakuwa da suka rage a tukunya. Ni kuwa ba na zuba wa kaji sabon abu kai tsaye. Sai na ware guda, na ba ta kwana uku, ina duba idonta da kashinta da yadda take tafiya, kana in ba sauran. Irin rama ya karɓe su sosai, sai dai bai kai wata ba matata ta kwashe na yakuwar don daddawa, na ramar kuma ya ƙare.

Bayan dangarmu akwai wata tsohuwa baƙuwa. Yunwa ce ta koro ta daga wajen Illela, ba ɗa ba jika, mai unguwa ya ba ta bukkar da ba kowa. Gurzar auduga take yi wa matan gari, tana kaɗi, ana ba ta abin da ya samu. Wata safiya ta leƙo ta kan danga ta ga kajina suna bin juna da tsinke a baki.

"Ɗana, kajin ga za su mutu da idonsu buɗe. Zo ka ɗauki angurya, ga ta nan ta tarun mini."

Angurya ita ce ƙwayar da ke fita in an gurje auduga. Na ɗebo ƙwarya guda, na daka a turmi, na sheƙe, na gwada a kan wake-waken kazata kamar yadda na saba. Kwana uku lafiya lau. Na ƙara biyu don tsoro. Sannan na ba duka. Suka ci, suka ci gaba da yin ƙwai, ina tarawa cikin tukunyar yashi, ana ɗaukar na ƙasa ana dafa wa yarinya ɗaya kowace safiya.

Ranar da abin ya fara, matata ce ta kira ni da wata irin murya. Ta ɓare ƙwai ta raba biyu. Gwaiduwar ba rawaya ba ce. Ta yi duhu kamar miyar kuka da ta kwana, da ɗigo-ɗigo baƙi, ga tauri kamar danƙo. Na sansana, ba wari. Muka fasa wani ɗanye a kasko, shi ma haka, farin ruwansa kuma ya yi ja-ja kamar an wanke nama a ciki.

Mahaifiyata ta zo ta duba. Ta ɗauki yarinyar ta goya, ta shiga ɗaki, ta saki asabari.

Zuciyata ta ba ni anguryar ce. Tun ranar na daina ba su, na ɗaure sauran a tsumma na cusa ƙarƙashin rumbu. Ban gaya wa kowa ba. Shekara shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, abin da ya fi zama mini a kai shi ne kada ka ɗaga hannu sai ka tabbata. Na ce bari in jira in ga ko ƙwan zai gyaru, in ya gyaru sai in yi magana da hujja.

Magana ba ta jira ni ba. Kafin kwana uku mata sun daina kai wa tsohuwar auduga. In ta nufo rijiya sai a janye yara. Wata ta tuna cewa tsohuwar ta taɓa yaba gashin ɗiyata ba ta ce tubarkalla ba. Wata ta ce ta ga baƙar mage tana fita daga bukkarta. Ba wanda ya furta kalmar a fili, amma kowa ya san ana nufin mayya ce, ta kama kurwar yarinya, baƙin ƙwan kuma alama ce. Ina jin ƙarar dutsen gurzarta ta bayan danga, kullum tana raguwa, har ta daina.

Kowace safiya ina fasa ƙwai a ɓoye bayan rumbu. Duhu. Gobe ma duhu, ko da yake ina ganin kamar ya ɗan sassauta. Sai in ce ko idona ne ke son ganin haka.

Rana ta takwas yarinya ta yi zazzaɓi. Bayan la'asar ƙanen mahaifina ya tara maza a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da ita, aka aika a kira tsohuwar. Al'adar ita ce wanda ake zargi ya tsallake maras lafiya sau uku don ya saki kurwa. In ka tsallake, ka amsa laifi ke nan. In ka ƙi, sanduna na jingine a bango.

Ta zo da auduga maƙale a zanenta. Ta dubi tabarmar, ta dubi mutane, ta gane.

Nan ne na buɗe baki. "Baba, ku dakata. Ina jin ba ita ba ce. Angurya na ba kajin, ina jin ita ta ɓata ƙwan."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Ina dai zato."

"Zato!" Ya juya wajen jama'a. "Ku ji mushe, malamin boko ɗan lakwal. Kai, shanun Fulani ba angurya suka ci da rani ba? Ka taɓa ganin baƙin nono?"

Aka yi dariya. Gaskiya ne kuwa, ban taɓa gani ba.

Sai mahaifiyata ta yi magana daga bakin zaure, a hankali. "Tsaya. Anguryar, wa ya ba ka ita?"

Da na ce a kasuwar Badaguishiri na saya, da ba wanda zai bincika. Na san haka a lokacin, ba daga baya ba. Amma ban iya ƙarya ba, ko ta fitar da kai, harshena ne ke sarƙewa. Na ce, "Ita ta ba ni. Amma don taimako."

Ba wanda ya ji ƙarshen maganar. Wani ya ce, "To, mi ya rage?"

Tsohuwar ta dube ni, ba da fushi ba. "Ɗana, ka hwaɗi gaskiya, ni na ba ka." Ta tattare zanenta, ta tsallake ɗiyata sau uku, a na ukun har ta kusa faɗi. Ba wanda ya miƙa mata hannu. Ni ma ban miƙa ba.

Washegari da hantsi ta ɗora dutsen gurzarta a ka ta bi hanyar Malbaza. Yara suka raka ta da jifa har bakin fadama. Ban sake jin labarinta ba, ko da yake na yi ta tambayar masu zuwa cin kasuwa.

Zazzaɓin yarinya ya sauka bayan kwana biyu. Bayan mako guda na fasa ƙwai, gwaiduwa ta fito rawaya kamar da. Na ruga da kaskon wurin mahaifiyata, na ce ga shi, tun da na daina ba su angurya ya gyaru.

"Tun da ta tahi ya gyaru," in ji ta.

Na ga ashe da hannuna na ƙulle bakin hujjata. Hanya ɗaya ta rage. Na ce zan sake ba kaza guda anguryar, a gaban kowa, alhali tsohuwar ba ta gari. In ƙwan ya sake baƙi, sai a san ba ita ba ce.

Mahaifiyata ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin wake kafin ta amsa.

"In ya sake baƙi, to ta bar wa wata maitar ke nan. Abin ga a abinci aka ba da shi. Wa ke shiga bukkarta da akushi, ta zamna har su ci tare?"

Ba ta ɗaga kai ba. A tsakar gida matata tana durƙushe tana wanke wa yarinya ƙafa, ba ta san ana maganarta ba. Ita kaɗai ce a unguwar take kai wa tsohuwar tuwo.

Na ajiye kaskon. Ban sake tayar da zancen ba, ranar ko bayanta.