Sauro a Kwalin Ashana

Lokacin da muke binciken sauron maleriya a ƙauyukan Gagarawa, da sassafe mukan shiga ɗaki mu shimfiɗa farin ƙyalle, mu fesa magani, mu tsince waɗanda suka faɗo. Wata tsohuwa ta ji baƙi na tafe, sai ta share ɗakinta ta yi turaren wuta. Ko ɗaya ba mu samu ba.

"Iya, kin ɓata mana aiki," na ce da faɗa, a gaban surukarta.

Washegari ta same mu bakin mota, ta miƙo mini kwalin ashana. Sauro ne murƙusassu, da tafin hannunta ta kashe su.

"Yi haƙuri, 'yata. Ko waɗannan za su yi?"

Ba za su yi ba. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.