Ƙugiyar da Na Hana Kawu Sawa

Warin fenti ne ya tsayar da ni jiya da hantsi a Al Thumama, wata unguwa a nan ƙasar waje, inda nake zaune wurin 'yata mai karatun da ba ya ƙarewa. Wata baiwar Allah ce a kan tsani tana zana shaho a bango. 'Yata ta ce hukuma ce ke ɗaukar nauyin masu zanen. Na ce ai mun riga su.

Ka tuna shekarun tsuke bakin aljihu? Lokacin ne masu manyan motoci suka daina kawo wa kawuna aiki, don mai neman kuɗin taya ba ya zancen a zana masa ɗawisu a jikin mota. Gwangwanayen fentinsa suka bushe, miyar gidanmu ta tsinke. Sai gwamnatin jiha ta fito da shirin ɗaukar masu zane na karkara su ƙawata makarantu da asibitoci. Wanda aikinsa na gwaji ya yi kyau, a riƙe shi shekara guda.

Kawu ya samu bangon firamarenmu. Shi ajami ya sani, boko kuwa kwaikwayonsa yake yi kamar zanen fure. Ni ina aji uku, karo na biyu, don haka ni ne malamin gidan. Takardar da aka ba shi da tafireta aka buga ta, MU SO ƘASARMU, aka ƙara ƙugiyar harafin Ƙ da biro. Ya tambaye ni mece ce wannan 'yar wutsiyar. Na ce hannun akawu ne ya zame, ya rabu da ita.

Ranar dubawa an yi yayyafi, ƙasa na ƙamshi. Jami'in da aka turo ya karanta bangon, ya sake karantawa.

"Malam, kasarmu? Kasa, macijin nan, za mu so?"

Kawu ya yi min kallon da har yau nake ji a ƙeyata. Ya tsoma ɗan yatsa a fenti, ya lanƙwasa ƙugiyar, ya ce, "Ranka ya daɗe, na bari ne sai a gaban shaidu." Jami'in ya yi dariya har da cire tabarau, ya sa hannu. Shekarar nan miya ta yi kauri. Kunnena na dama ne kawai ya ƙara tsawo.

Yanzu jikokina na gida kan rubuto a waya, Kaka yaushe za ka dawo kasarmu. 'Yata ke karanta min, tana mitar yaran zamani sun lalata rubutu. Ni dai shayina nake kurɓa. Na san wanda ya fara.