Aikin Dallatu, Hannun Barira

Yaya Barira ba ta iya zama ba. Tun da aka kawo ta gidan yayana Dallatu, ina 'yar firamare, ban taɓa ganin ta cinye tuwonta a inda ta fara ci ba. Za ta kai loma biyu ta miƙe ta kori akuya, ta dawo, ta tuna da wake a kan wuta, ta sake miƙewa. Yau ni nake koyarwa a wannan firamaren, ita kuma ta yi jikoki, amma har yanzu idan na shiga gaishe ta, bayanta nake gaisarwa.

Da hantsi kawai ake samunta wuri ɗaya. Idan ta sallami masu tafiya gona, sai ta share rumfar bayan ɗakinta, ta yayyafa ruwa har ƙura ta kwanta, ta ɗaura gidan sauro ta shige ciki da tabarma. Baƙo zai ce zazzaɓi ne ya kayar da ita. Aiki ne. A gabanta ga robobin cikin mota da direbobi suka kwanto: na gefen giya, na hannun ƙofa, na bakin rediyo, wasu rana ta cinye su sun yi fari, wasu makulli ya kakkarce. Ita ke lulluɓe su da baƙar ledar nan mai zanen saƙa da direbobi ke kira kabon, a mayar da su mota ta koma sabuwa fil.

Gidan sauron saboda ƙaiƙayi ne. Garinmu yana gefen Makoda, gona a jikin katanga take, kuma da kaka ta kama, kowane gida sussuka ake yi da sheƙa. Ƙaiƙayi ɗaya ya shiga ƙarƙashin leda sai ya yi ƙurji, kuma ba ya ɓoyuwa. An ce a birni da na'urar hura zafi ake tausasa ledar. Mu da wuta ke zuwar mana in ta ga dama, Barira da kaskon garwashi take yi. Tana ajiye shi a wajen gidan sauron, ta ɗaga gefe, ta gifta ledar a kan zafin, ta janyo ta ciki da sauri, ta miƙe ta a kan kwanar roba, ta bi ta da tsohon katin banki naɗe da tsumma. Kafin ta yanka ko kaɗan, sai ta jera robobin a tabarma yadda suke zaune a mota, don saƙar ta kalli gefe ɗaya tun daga ƙofar direba har ta fasinja. Ko a nan bakinta ba ya hutawa, tana aiki tana ba da umarni ta cikin raga.

Duk wannan, daga Makoda har Dawanau, sunansa aikin Dallatu.

Yayana ne mai sana'ar tun asali. Ya daɗe yana ɗinkin kujerun mota a Bacirawa, da ledar ta shigo ya koye ta, ya dawo da ita gida. Sai hannunsa ya fara rawa. Da farko in ya gaji ne, daga baya har reza ba ta tsayawa a yatsunsa. Barira da take riƙe masa gefen leda sai ta koma ita ke ja shi ke riƙewa, har aka kai inda ko riƙon ba ya iyawa. Tunda maza ba sa wuce zaure, babu wanda ya ga lokacin da aikin ya sauya hannu. Shi yana zaune a dakali, hannuwa cikin babbar riga. Direba ya zuba robobi a kwando da kansa, a shiga da kwando, a fito da kwando. Ya daina zuwa wurin mai shayi don kada a ga kofi yana zuba. In za a gaisa, ya damƙe hannun mutum da nasa biyu, da ƙarfi, ya saki da wuri.

Ni abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma ban iya ɓoye fushi ba. Na sha tsokanarta, tunda matar yaya ce, akwai wasa a tsakaninmu. Na ce, "Ke da ƙonewar yatsu, shi da shan godiya. Wannan wane irin kasuwanci ne?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Zakiyya, ba ki san maza ba. Yanzu duk wanda ya zo ƙofar nan sai ya kashe babur, ya sauka, ya durƙusa ya gaishe da yayanki. Ana sa shi a sulhu, ana tambayarsa shawara. Ranar da suka san hannun nan ya mutu, daga kan babur za su riƙa ɗaga masa hannu. Ni ba zan ga wannan ranar ba, in dai ina da yatsu."

Abin da take gadi ke nan. Ba ledar ba.

Autarsu Sadiya ta ba ni labarin ranar da ta raka ta asibiti a motar haya. Aka ba Barira gidan gaba saboda girma. Tana zama ta gane aikinta, karo na farko da ta gan shi a jikin mota ba a kan tabarma ba. Direban ya lura tana kallo, ya bugi robar da alfahari ya ce, "Inna, aikin Baba Dallatu ne wannan. Duk ƙasar nan babu hannu irin nasa." Ta ce, "Allah ya ƙara masa lafiya." Sadiya ta ce har suka isa, babban yatsan uwarta yana kan wata kusurwa da ta ɗan ɗaga, tana danna ta a hankali.

Ke ce wannan, Yaya. Ke ce aka yabi wani da aikinki a gabanki kika sa albarka, kuma da zuciya ɗaya kika sa. Barira mai gidan sauro da rana, gagara zama. Ke ce kika ciyar da gida shekara da shekaru ta bayan katanga, kika bar wa mijinki dakalinsa da rawaninsa. Na yi miki tsiya a kan haka har na gaji, kuma yau ina faɗa a gaban jama'a cewa ban san macen da nake girmamawa kamar ke ba.

A kakar bara abin ya zo ƙarshe, ta hannun Zubairu. Zubairu direban wani Alhaji ne mai hatsi a Dawanau. Maigidansa ya tafi Umra ya bar masa mota, shi kuma ya kunna turaren tsinke ya soke a gefen giya ya shiga masallaci. Kafin ya fito robar ta ƙone ta yi tabo. Ya kwanto ta da sauran na kusa da ita ya kawo, hankalinsa a tashe, yana so a rufe tabon kafin Alhaji ya sauka.

Kwandon na shiga, Barira ta ɗauki roba ɗaya ta shinshina. Man gyaɗa. Zubairu irin direbobinmu ne da ba sa son a ga gaban mota ya yi fari, kullum da safe su ɗiga mai a tsumma su goge don ya yi ƙyalli. Roba tana shan man, kuma wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Sai an shanya a rana ya tsatso, a wanke da ruwan toka, a sake shanyawa. Ta ce wa Yaya Dallatu ya nemi kwana biyu. Shi kuwa ya riga ya ce wa yaro ya dawo da azahar, kuma Dallatu ba ya son a ce ya janye magana. Ta yi mita, ta wanke iya wankewa, ta manna.

Washegari bayan la'asar ina gidan, muna ɓarar gyaɗa, muka ji mota ta tsaya da ƙarfi. Ƙofar gida cike take da dattawan da ke zama wurin Yaya. Na matsa na leƙa ta kafar ƙyaure.

Zubairu ya gaisa a gajarce, ya miƙa robar. Ledar ta tattashi ta nannaɗe kamar ɓawon rogo. Ya ce, "Baba, ko Dawanau ban kai ba rana ta ɗaga ta. Gobe Alhaji zai sauka. In ya ga wannan, aikina ya tafi."

Yaya ya ce, "Zuba a kwando, za a duba."

"A'a Baba, ka yi haƙuri, yau ba kwando. Kullum a shiga da shi ciki, a shiga da shi ciki. Ga sauran leda na zo da ita, ga reza. A gabana za ka yi, in ga inda matsalar take."

Wani dattijo ya sa baki, da kyakkyawar niyya. "Dallatu, yi masa mana. Ai abin hannunka ne."

Ban san lokacin da Barira ta zo bayana ba. Ta ture ni gefe, ta tsaya a jikin ƙyauren daga ciki, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam, ana sheƙa a maƙwabta. Ƙaiƙayi zai ɓata maka leda a nan. Ka shigo da aikin rumfa."

Gaskiya ta faɗa, ana sheƙar. Babu wanda zai yi musu, har Zubairu ya fara tattara robobin zai zuba a kwando. Ta sake buɗe wa Yaya hanya, irin wadda ta saba buɗewa, abin da ya rage kawai ya miƙe ya bi ta. Yaya bai miƙe ba. Sai ya zaro hannuwansa daga cikin riga ya ɗora su a gwiwa, a fili, suna ta kaɗawa.

Ya ce, "Zubairu, dubi nan. Wannan hannun ko kofin shayi ba ya riƙewa. Rabona da leda tun kafin auren auta. Duk godiyar da na karɓa a zauren nan ba tawa ba ce. Barira ce take yi. Naka ma ta ce a ba ta kwana biyu, ni na hana."

Tun da nake, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Mutanen gida yake cewa, ko mai ɗakina, kamar yadda iyayenmu suke yi. Ranar ya faɗe shi a gaban dattawan unguwa, bai rage murya ba. Na juya in kalli Barira, sai na tarar ta zauna. A ƙasa, a bayan ƙyaure, zaninta cikin ɓawon gyaɗa. Akuya ta zo ta sa kai a kwaryar ba ta kore ta ba.

Can Zubairu ya matso bakin ƙofa, murya ƙasa ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. Ban sani ba."

Ta goge fuska da bakin mayafi. "Ka daina shafa wa motar mutane man gyaɗa, ba ƙuli ba ce. Jibi ka dawo."

"Inna, gobe Alhaji zai sauka."

"To ka faɗa masa abin da ya faru. Yau dai ka ga an faɗi wadda ta fi taka nauyi."

Ya faɗa masa. Ya sha faɗa, amma har yau shi ke tuƙa motar, kuma ledar da ta manna jibin ba ta ɗaga ba.

Da zan ce komai ya tafi daidai, da na yi ƙarya, kuma Barira ba za ta yafe mini ba. Abin da ta ji tsoro ya faru, ko da ba duka ba. Aiki bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi. Amma akwai waɗanda yanzu suke tsayawa a ƙofar gida inji na kunne, ƙafa ɗaya a ƙasa, su miƙa kwando ta kan Yaya su ce a kai wa Inna. An yi sulhun iyakar gona a unguwar ba a kira shi ba. Tana jin kowane babur daga rumfa, kuma ta san wanda aka kashe da wanda ba a kashe ba. In ba a kashe ba, sai ka ga katin ya tsaya a hannunta.

Shi kuwa ya koma wurin mai shayi. Da hannu biyu yake riƙe kofi, rabi a bakinsa rabi a rigarsa, kuma bai damu ba. In an kawo aiki, ya juya ya kira ta da sunanta. Har yanzu ba ta saba ba, takan ce, "Ji mutumin nan, sai ka ce ɗan zamani."

Mun gode, Yaya Barira. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya sanyaya yatsun nan, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Matan da ke da sana'a a bayan katanga, ga abin koyi: ku riƙe ta da kyau yadda ta riƙe tata. Mazan da ake ci da guminsu a suna kawai, Dallatu ya nuna muku yadda ake yi, kuma ya biya kuɗin nunawar da abin da ya fi so.

Da na ce mata zan rubuta wannan, tana tsaye tana ninke gidan sauro, ta ce ba ta so. Na ce ai Yaya ne ya sa ni, har ya ce in sa sunan da manyan baƙi. Ta zagaya rumfar, ta kwashe toka, ta dawo, ta ɗaga tsintsiya ta ajiye. Sannan ta ce, "In dai dole sai kin rubuta, bar zancen leda, kowa zai iya koya. Ki ce musu abu ɗaya."

Ga shi na faɗa, direbobin Makoda da na Dawanau da duk mai bin hanyarmu. Idan kun zo ƙofar gidan, za ku ga dattijo a dakali, hannuwansa a kan gwiwa. Ku kashe babur, ku sauka, ku gaishe shi. Ladan da ta nema ke nan.