Inda Ba'ana Yake Ajiye Mota

Shekara goma sha huɗu Ba'ana ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti a Bulumkutu. Siriri ne, ba ya son hira a kan hanya. Abokin aikinsa Othniel ne mai surutun. Shi ke ɗaure rauni, shi ke tsokanarsa wai tuƙinsa sai ka ce na kai amarya.

Wata Talata da hantsi, lokacin girbin shinkafa, aka kira su hanyar Zabarmari, keke napep ya kife da mata uku. Othniel ya durƙusa a kwalta yana tsai da jinin ɗaya. Ba'ana ya gangarar da mota gefe kada a goge ta, ya karyo rassan dogon yaro ya jera a titi, kamar yadda kowa ke yi in an yi haɗari.

Sai ga a-kori-kura shaƙe da buhuna. Direban ya hango an tare hanya da ganye, ga maza tsaye suna ɗaga masa hannu. Maimakon birki, mai ya taka. Ya bi ta kan rassan, ya bi ta kan Othniel. Othniel bai tashi da rai ba.

Da aka tsare direban, kuka yake yana rantsuwa ya zaci 'yan bindiga ne. A shekarun tashin hankali, in ji shi, wanda ya tsaya wa ganye a wannan hanya ba ya komawa gida, haka wansa ya tafi. Babu wanda ya ƙaryata shi. Ba'ana ma ya san da haka, haifaffen garin nan ne. Amma ranar da ya jera ganyen, hannunsa ne ya riga tunaninsa.

Tun ranar ba ya zama ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa. Matarsa ta ce in ya ji warin ɗanyen ganyen, abinci ba ya wuce masa. Wani lokacin yana tuƙi sai ya juya ya amsa wa kujerar gefe magana.

Aka haɗa shi da sabuwar ma'aikaciya, Susanna, sa'ar 'yarsa ta fari. Daga nan ya sake tsari. In sun isa wurin haɗari, sai ya gindaya motar a karkace tsakanin masu rauni da motocin da ke tahowa, ya bar fitilar sama tana juyawa, don kowa ya gani daga nesa cewa asibiti ne, ba tarko ba. Mai asibitin ya ja masa kunne sau biyu, wai mota ɗaya gare su. Mutumin da bai taɓa durƙusawa a kwalta tirela na hura masa iska a ƙeya ba, shi ne mai koya wa Ba'ana inda ake ajiye mota.

Bara, kusa da Old Maiduguri, wata bas da birkinta ya tsinke ta daki bayan motar. Susanna na gaba kaɗan tana ɗaure wa wani ɗalibi ƙafa. Gilashi ya zubo mata a ka, amma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Motar kuwa ta lotse. A satin aka sallami Ba'ana, aka rubuta wai ganganci da kayan asibiti. Ganganci. Da yarinyar ce ta lotse, da ta'aziyya kawai za su aika.

Ran wata Lahadi Susanna ta biyo daga coci ta gaishe shi. Suka taɓa hira kan zafi da tsadar mai, sannan ya tambayi abin da ke cinsa.

"Sabon direban, ina yake ajiye motar?"

Ta sunkuyar da kai. "A gefe, Baba."

Ba'ana ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa mai ƙyalli ta aiki, wadda ba su nema ba da suka kore shi, ya ɗora mata a cinya.

"'Yata, in za ki durƙusa, ki fuskanci inda motoci ke zuwa. Kada ki ba titi baya, ko wa ke kwance."