Bugun Zuciyar da Malama Ta Naɗa Mana

Dum-dum, sai wani ɗan huci a tsakani, kamar iska na bin ganyen darbejiya. Jiya na ji shi a ƙirjin wata tsohuwa a asibiti. Nan take na ganni a Maisandari, a tsakar gidan malamarmu ta makarantar jinya, ƙamshin turaren wuta na tashi daga mayafinta.

Takan turo mana sautin bugun zuciya ta waya, mu bambance lafiyayya da mai ciwo. Ni kam na kasa, ga jarrabawa ta matso. Na je mata da kuka, na ce zan bar karatun.

Ta kara wayar a kunnena. "Rufe ido, 'yata. Amsa kike nema, ba kya sauraro."

Na rufe. Can ƙasa-ƙasa, na ji hucin.

"Malama, wannan zuciyar ta gaji!"

Ta yi dariya. "To, ai kin ci jarrabawa."

Allah ya haskaka kabarinta, ya sanyaya mata makwanci. Ta daɗe da rasuwa kafin 'yarta ta gaya mini cewa tata zuciyar ce ta naɗa mana.