Katin da Na'urar Alhaji Dabo Ta Ƙi Gani

Ɗana Mukhtari ya rasu a bazarar 1989, yana da shekara ashirin da shida. Mutanen Illela sun fi saninsa da Mai Jinya, sunan da aikinsa ya jawo masa.

Tun yana yaro shi ke kwance rediyon gidanmu ya mayar da ita. Ya yi karatun lantarki a kwalejin fasaha, da ya dawo gida Alhaji Dabo ya ɗauke shi aiki. Alhaji ɗan kasuwa ne, yana kai atamfa da batir Ƙwanni a tsallaken iyaka, yana shigo da wake da fatu. Shi ya fara kawo kwamfuta unguwarmu, babba guda ɗaya wadda akawunansa duka ke aiki da ita lokaci guda, kowa da gilashin dubawa irin na talabijin a gabansa. An ajiye ta a wani ɗaki bayan sito, janareto ke ba ta wuta.

Na'urar ba ta jure zafi, wutar janareton kuma hawa take tana sauka. Dole mutum ya zauna kusa da ita, yana taɓa jikinta, yana duban allurar ma'aunin wuta, ya kashe ta bisa ƙa'ida kafin ta ƙone ko ta lalata aikin da ke cikinta. Wannan zaman shi ne aikin Mukhtari. Direbobi kan leƙo su ce ya mai jiki, ko ta samu ta sha kunu. Yakan ce masu da sauƙi, amma likita ya hana 'yan dubiya masu warin gas.

A ƙarshen 1988 ya samu gurbin karatun injiniya a Zariya, abin da ya daɗe yana nema. Sai dai ya riga ya yi wa Alhaji alkawarin ba zai tafi ba sai na'urar ta iya tsaron kanta. Akwai wani kati da ake sokawa a cikinta, mai auna zafi da ƙarfin wuta, ya buga ƙararrawa, in abin ya ƙi ya kashe ta da kansa. Alhaji ya sa aka sayo shi daga Lome.

Masu dakon kaya a bakin iyaka suna da al'ada. Kafin su tsallako sukan yar da kwali, su naɗe kaya a tsumma don kada ya nuna sabo ne. Haka katin ya iso, cikin tsohon rawani. Mukhtari ya soka shi, ya kunna na'ura. Ta jero sunayen abubuwan da ke jikinta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba, babu katin a ciki.

Ya sauya masa gurbi. Ya goge haƙoran katin da abin goge fensir. Ya ciro sauran katunan ko wani ne ke tare masa hanya. Ya juya 'yan maɓallan da ke jikinsa ta kowace fuska, yana kunnawa yana kashewa. Wata 'yar fitila a jikin katin tana ci, alamar wuta na isa gare shi.

Wata rana bayan la'asar na tambaye shi inda aka kwana.

"Katin lahiya lau yake, Baba," in ji shi. "Ita ce ba ta san shi ba. Tsarin da ka tahiyad da ita ya girme shi. In ta tashi, waɗanda ta sani kaɗai take kira."

Ya ce akwai faifan da ke gabatar mata da katin, kuma a murfin kwali ake manna shi.

Ya bi sawun kwalin har Ƙwanni. Ya same shi a rumfar wani mai shayi, an toshe ɓular rufi da shi. Faifan kuwa mai shayin ya mayar da shi murfin kofi saboda ƙuda, tururi ya lanƙwasa shi. Mukhtari ya ce mutumin ya ba shi haƙuri, ya kuma haɗa masa shayi kyauta.

An sake aikawa Lome. Kafin wani faifan ya iso zafi ya shigo, lokacin rajista a Zariya ya matso. Da faifan ya iso ya sa shi, na'urar ta karanta, ta ce sai da sabon tsari. Sabon tsarin ya fi ƙarfin na'urar, kuma aikin akawun ba ya tafiya a kansa.

Alhaji Dabo mutumin kirki ne. A gabana ya ce masa, "Tahi, ɗana, na yahe maka alkawalin." Mukhtari ya koya wa babban akawu yadda ake kashe na'urar, ya fara haɗa kayansa. Kwana kaɗan janareto ya yi ƙugi, akawun ya firgita ya fizge waya daga bango, aikin mako guda ya tafi. Babu wanda ya ce wa Mukhtari ya zauna. Shi ya kwance jakarsa.

Mahaifiyarsa Lubabatu ta yi masa magana, ni ma na yi. Ya ce zai gwada rubuta abin da faifan ya kasa yi, ya koya wa tsohon tsarin sunan katin da kansa. Ba shi da littafin katin, domin shi ma da kwalin ya tafi. Yana cikin lalube aka rufe rajista. Bai ƙara ambaton Zariya ba, mu ma ba mu ambata masa ba.

Shekarar an yi sanƙarau a yankinmu. Ya dawo daga aiki da ciwon kai, kafin gari ya waye wuyansa ya sandare. Mun kai shi Sakkwato. A mota, lokacin da hankalinsa ke zuwa yana tafiya, ya tambaye ni ko an kashe na'urar. Na ce an kashe, ko da yake ban sani ba.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo gaisuwa, ya zauna gefena a tabarma. Da mutane suka ragu na tambaye shi na'urar. Ya ce ta ƙone tun ranar da muka tafi asibiti, da azahar, babu kowa a ɗakin.