Lallen da Ya Kama a Dunduniyar Yaya

Tukunyar na fara gani. 'Yar ƙarama ce ta dalma, gindinta ya yi baƙi, tana bisa gaz a bakin ƙofar wani shago a unguwar Zango tana tafasa. Na leƙa ina tsammanin shayi ne ko ƙwai, sai na ga almakashi biyu da abin yankan farce suna juyi cikin ruwa. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, na taso daga lakwal, wato makarantar boko, da littafin soyayya ɓoye cikin jakata. Har na isa gida ina dariya, wai ga matar da ke dafa almakashi.

Shagon na wata dattijuwa ne da unguwa ke kira Inna mai tukunya. Tana kitso, tana yankan farce, tana wankin ƙafa da ƙunshi. Benci ɗaya gare ta, da madubi ɗaya da ya tsage a gefe, da fararen tawul a shanye kan igiya suna warin jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta da sauri ko kaɗan. Kafin ta taɓa mutum sai ta buɗa gashinsa ta duba fatar kai, ta ware yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta tambaya kamar likita. Reza a gabanki za ta ɓare ta daga takarda, in ta gama ta jefa cikin gwangwanin tumatir. Ranar da famfo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa kuma ba su biyo ba, sai ta ja ƙofarta ta rufe. Ko suna ne da ke gobe, abin da za ta ce ke nan: babu ruwa, babu aiki.

Ni dai ban so wurin ba. A littattafan da nake karɓowa haya a kasuwa, waɗanda ake kawowa daga Kano, tauraruwar labari ba ta zama kan benci tana shaƙar jabel. Takan shiga wuri mai gilashi da sanyi, ta fito ƙafarta kamar ta jariri, wanda take so ya gan ta ya rasa ta cewa. Na haddace irin waɗannan shafuka, na kuma yarda haka ya kamata rayuwa ta kasance, mu ne dai ba mu yi dace ba.

Yayata ta girme ni da shekara goma sha biyu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta magini ne, ya tafi Libiya neman aiki ya bar ta da 'ya'ya biyu da ni. Ciwon suga ya kama ta tun bayan haihuwarta ta biyu. Tana tallan atamfa gida-gida, daga Zango har Birni a ƙasa, cikin rana da tsakuwa, don haka dunduniyarta ta yi kaushi ta tsattsage. Duk wata takan je wurin Inna. Inna kan gwada zafin ruwa da gwiwar hannunta, domin ta san Yaya ba ta jin zafi sosai a tafin ƙafa, ta jiƙa ƙafar kaɗan, ta tsane ta har tsakanin yatsu, ta shafa man kaɗanya, ta yanke farcen a miƙe. Kaushin kuwa ba ta taɓa sa masa reza ba. Yaya ta dawo gida da ƙafarta kusan yadda ta tafi da ita, ni kuwa in ce an ɓata mata yini a banza.

Ina da shekara goma sha tara, cikin bazara, mijin Yaya ya kira ya ce ya iso Agadas, nan da kwana biyar yana gida. Shekara huɗu ke nan rabonsu da juna. Yaya ta ajiye wayar, sai na ga ta juyo tafin ƙafarta tana kallo, ta ja zani ta rufe. Wannan kallon ne na riƙe. Na ce a raina ga labari ya zo har cikin gidanmu, ni kuma na san yadda ake tsara shi.

Wurin Inna muka fara zuwa. Na roƙe ta, na ce sau ɗaya dai ta kankare wa Yaya dunduniya ta yi sumul, baƙo ne babba ke tafe. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke 'yar littafi, mijin nan ƙafa ya auro ko mata?"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Wata ta ce wanda ya yi shekara huɗu yana kallon siminti, ko da kofato aka tarye shi godiya zai yi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta yi wa Yaya kitso mai kyau, ta yi mata ƙunshi a hannu, amma ƙafar mai suga ƙwai ce, ƙarfenta ba zai taɓa ta ba, ko wa ke zuwa. Na fito raina a ɓace, na ji an muzanta ni a gaban mutane.

Akwai wani sabon salon da aka buɗe a bakin titi. Na daɗe ina ratsewa ta gabansa don kawai in ga ciki: madubai daga sama har ƙasa, kujeru masu juyawa, fitilu masu launi ko da rana, hotunan mata masu dogayen farce. Kwana biyu na yi ina lallashin Yaya. Ta ce Inna ta hana. Na ce Inna ta tsufa, aikin da ba ta iya ba ne take kira haɗari. Waɗannan kuwa har Yamai suka je suka koyo. Daga ƙarshe ta ce to, mu je, amma a yi a hankali. Na san ita ma tana so, ni kuma da son nata na yi amfani.

Da muka shiga sanyi ya buge mu, kiɗa na tashi a hankali, ko'ina ƙamshi. Mai wurin, wadda kowa ke kira Madam, ta tarye mu da Hajiya-Hajiya, ta ce yau sai maigida ya manta hanyar Libiya. Na ji kamar na shiga cikin shafin da na fi so. Abubuwa uku na gani a wurin, kuma ba zan ce ban gani ba. Wata mata ta ciro ƙafafunta daga roba mai ruwa shuɗi da kumfa, aka ƙara ɗan turare a ciki, aka turo wa Yaya robar. Kwana uku ke nan famfo bai kawo ba a gari. Ma'aikaciyar da za ta yi aikin ta jawo aljihun tebur ta ɗauko reza tsirara daga cikin matazai da guntayen gashi. Na uku, babu wanda ya tambayi Yaya komai.

Ita ce ma ta buɗe baki. Ta ce, "Baiwar Allah, ni fa ina da..." Sai na dafa kafaɗarta na ce, "Yaya, ai sun san aikinsu." Kunya na ji kada a ambaci ciwo a wuri mai kyau haka, a gaban matan manya. A littattafaina babu mai suga. Yaya ta tsoma ƙafafunta cikin robar.

Ma'aikaciyar ta yi ta kankara, kaushi na zuba fari kamar garin rogo. Da ta zo dunduniyar hagu, inda fason ya fi zurfi, rezar ta shige. Jini ya fito ya bi tafin ƙafa. Yaya tana kallon talabijin tana murmushi, ba ta ji komai ba. Matar ta danna auduga ta dube ni, ta ce ɗan ƙwarzane ne, lalle ai magani ne, yana hawa zai kame shi. Haka kowa ke faɗa a garinmu, haka na taso ina ji, na gyaɗa kai. Nan take aka kwaɓa lalle aka lafta a ƙafafun biyu, aka ɗaure da leda tun hantsi har la'asar. Da aka kwance, aka shafa haɗin toka da gishirin lalle, wanda ke mai da ja ya koma baƙi.

Ba zan ɓoye ba, ƙafar ta yi kyau. Ban taɓa ganin Yaya haka ba. A kan kabu-kabu tana ta ɗaga ƙafa kada ta taɓa ƙasa, muna dariya kamar yara.

Mijinta ya iso ranar Alhamis da hantsi, ya rame ya yi baƙi, gemunsa da furfura. Bai rasa ta cewa ba kamar na littafi. Ya dai zauna bisa tabarma ya sha ruwa, ya ɗora 'ya'yansa kan cinya, ya dubi ƙafar Yaya ya ce ashe amarya aka ajiye masa. Ni kuma ya ce in shirya, ni ce ta biyu in ban sami miji ba kafin damina. Cikin tsarabarsa akwai wasu takalma masu ruwan zinariya da ya sayo mata. Ta saka, suka zauna daidai. Ina ganin wannan ce rana mafi daɗi da na gani a gidan nan, kuma na ɗauka ni na haɗa ta.

Gida ya cika da 'yan barka da zuwa har mako biyu. Yaya na tsaye kan girki daga safe zuwa yamma, turaren wuta bai mutu ba, humra a kowane zani. Mata suna ta yaba ƙunshin, suna cewa jikinta na karɓar lalle, musamman ta hagu, dubi yadda ya kama har ya fi na dama baƙi. Ni na ce lallen ma ya san wanda ake jira. Aka yi dariya, aka ce 'yar littafi ta fara.

A mako na biyu takalmin hagu ya ƙi shiga. Yaya ta ce tsayuwa ce. Sai zazzaɓi, ta ce na sauro ne, aka sayo mata magani a farmasi. Wani wari ya fara tashi a ɗakinta, siriri, mai ɗan zaƙi-zaƙi, ta ƙara garwashi a kasko. Daga baya ta gaya mini ta ga ruwa a zanin gado, amma mutumin da ya yi shekara huɗu yana wahala, ba ta so ta tarye shi da asibiti. Ni ma na ji warin, na kuma tuna da audugar nan, amma ban ɗaga ƙafar na duba ba. Tsoro nake ji in ga abin da zai ɓata labarin.

Inna ta makara wajen zuwa barka, domin ta je Durum zaman makokin ƙanenta. Da ta zo, mako uku sun cika, lallen ƙafar dama ya fara koɗewa ya koma ja-ja. Ta gaisa da maigida a zaure, ta shigo ɗaki ta zauna tana jan numfashi. Sai ta ce a fitar da kaskon turaren waje. Ta ce wa Yaya ta miƙo ƙafar hagu. Ta riƙe ta da hannu biyu ta juya wajen hasken ƙofa, ta danna gefen dunduniyar da yatsa.

"Ɗiyata, wannan ba lalle ba ne."

Ta ɗago ta tambaya wa ya sa reza. Yaya ta ce ita ta kai kanta. Inna ta dube ni, ba ta daɗe ba, ta mai da idonta kan ƙafar. Ta ce a kira maigida a nemo mota yanzu, kada a jira azahar.

A asibiti likita ya tambaya yaushe ta ji rauni, don me aka bari har haka, ba a san tana da suga ba ne.  Suka yanke ruɓaɓɓen naman, suka yi ta wanki da allurai kwana tara. Baƙin ya haye idon sawu. Sai aka kawo takarda mijinta ya sa hannu. Ƙasa da gwiwa suka yanke.

Ban koma salon ɗin na yi faɗa ba. Me zan ce musu da ban gani da idona na yi shiru ba? Inna ma ba ta taɓa yi mini gori ba. Da aka sallamo Yaya, ta zo gida ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake duba ƙafar da ta saura: gwiwar hannu cikin ruwa, tawul tsakanin yatsu, farce a miƙe, almakashi cikin tukunya. Sau biyu ta sa na maimaita, ta tashi ta tafi.

Na yi aure, na haihu, har yanzu ina karanta littattafan nan, ban iya dainawa ba. Amma in na shiga wurin gyaran kai, tukunya nake fara nema da ido, ko abin da ya maye gurbinta, in kuma jira in ji ko za a tambaye ni wani abu.

Yaya tana nan a Zango. Tallan gida-gida ya ƙare tun lokacin, a zaure take shimfiɗa atamfofinta, masu saye su same ta. Mijinta bai sake fita ƙasar waje ba, yana ƙananan gine-gine a gari. Sugan ya hau mata ido, yanzu da hannu take gane zani. Duk ranar Juma'a da safe nakan je in duba mata ƙafar dama. Sau ɗaya na fara maganar ranar nan, ta katse ni, ta ce ita ma ta so ya gan ta da kyau, in bar zancen. Ba ta sake yin lalle ba, ko a hannu. Takalman nan masu ruwan zinariya, na dama ta saka shi har ya tsinke aka yar. Na hagun yana ƙasan akwatinta cikin ledarsa, ta hana a bayar.